Kwamfutar gida ba filin gwaji ba ce: mu tsaya a kan Linux guda

Tun ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina tura wa Windows 10 gyaran tsaron da ya saba turowa duk wata. Kwamfutar da ke ɗauke da ita ba ta mutu ba, tana kunnuwa, tana buɗe takardu kamar kullum. Sai dai duk ɓarakar da aka gano daga wannan rana babu mai toshe ta, in ba mutum ya shiga shirin ƙarin wa'adi ba, wanda shi ma ga kwamfutocin gida iyakarsa Oktoban 2026. Windows 11 kuwa da sharuɗɗanta ta zo. Tana neman wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma in ƙwaƙwalwar na'urar (processor) ta kamfanin Intel ce tana neman ƙarni na takwas zuwa sama, wato waɗanda suka fara fitowa a 2017. Wadda ta girme haka, ko da lafiyarta ƙalau, an rufe mata ƙofa.

Mu kuma a gidajenmu na Jidda da Makka da Madina, yawancin kwamfutocin tebur da ke ajiye a falo ko a ɗakin yara irin waɗannan ne da aka rufe wa ƙofa. Ba sababbi muka saye su ba. Ofisoshi da makarantu ne suka gama da su suka fitar, suka bi ta haraj, wato kasuwar kayan da aka yi amfani da su, muka ɗauko Dell OptiPlex ko HP EliteDesk da 'yan ɗaruruwan riyal. Na'urori ne masu ƙarko, an ƙera su don su wuni suna aiki. Magidancin da ke zaune da iƙama, wato takardar izinin zama a Saudiyya, yana biyan riyal 400 duk wata a kan kowane mutum ɗaya da ke ƙarƙashinsa, ga harajin kashi 15 cikin ɗari a kan kusan duk abin da ya saya tun Yulin 2020, ba za ka dube shi ka ce ya jefar da kwamfuta mai aiki ya sayi sabuwa ba. Akwai masu bi ta bayan gida su cusa Windows 11 a kan tsohuwar na'ura, amma kamfanin da kansa ya ce bai ɗauki alkawarin ci gaba da sabunta irin waɗannan ba.

Saboda haka Linux, tsarin tafiyar da kwamfuta na kyauta da ake ɗorawa a madadin Windows, ita ce mafita, kuma matasanmu sun riga sun gane haka. Na yi farin ciki da wannan ƙwarai. Yaran da iyayensu suka sha wahalar neman mai cike musu fom, yau su ne ke farfaɗo da kwamfutocin unguwa ba tare da an sayi lasisi ko an ɗora manhajar sata ba. Amma akwai wata ɗabi'a da ta biyo bayan wannan alheri, kuma ina ganin in ba mu yi maganinta ba za ta sa iyayenmu su tsani Linux gaba ɗaya. Ita ce yawan sauye-sauye daga wani nau'in Linux zuwa wani. Yau an ɗora Ubuntu, bayan wata biyu an goge an ɗora Fedora, kafin Ramadan an koma Manjaro, bayan Sallah an ji wani a YouTube ya yabi wata sabuwa an sake gogewa. Duk wannan a kan kwamfutar da mutum biyar ko shida ke amfani da ita.

Ra'ayina a fili yake. Kwamfutar gida amana ce a hannun wanda ya iya, kuma ya kamata mu da muka iya mu haɗu a kan nau'i guda na Linux mai dogon wa'adi, mu riƙa ɗora shi a gidajen mutane, mu bar shi ya zauna shekaru.

Bari in fara da abin da ake sauyawar, don mai karatu da bai shiga harkar ba ya gane. Abin da Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991, yana ɗalibi a Helsinki, ƙashin baya ne kawai, wato ɓangaren da ke magana da ƙarafan na'ura. Ba ya isa mutum ya zauna ya yi aiki da shi. Sai an haɗa shi da kayan aikin GNU, wanda Richard Stallman ya assasa a 1983, da fuskar da mutum zai gani a allo, da burauza, da manhajar rubutu, da hanyar sauko da sababbin manhajoji. Duk wata ƙungiya ko kamfani da ya tattara waɗannan ya tsara su ya fitar, ya samar da nau'i guda ke nan, abin da 'yan harka ke kira distro. Tunda lasisin ya ba kowa dama, sun kai ɗaruruwa.

Amma yawan sunayen yana ruɗin ido. Debian ta fito a 1993 a hannun Ian Murdock. A 2004 Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu, ya gina Ubuntu a kan Debian. A 2006 Clément Lefèbvre ya fara Linux Mint, wadda ke tsaye a kan Ubuntu. Zorin ma a kan Ubuntu take, haka Pop!_OS, haka elementary. Wanda ya kwana yana goge ɗaya daga cikin waɗannan don ya ɗora wata, riga kawai ya canza wa mutum, mutumin shi ne dai na jiya. Burauzar Firefox ɗin ita ce, manhajar rubutu ta LibreOffice ɗin ita ce, umarnin apt da ake sauko da manhaja shi ne. Ita kanta fuskar da ke jan hankalin matasa, ko KDE Plasma ce ko GNOME ko Cinnamon ko Xfce, ba mallakin wani nau'i ba ce, ana iya samun ta a kusan kowanne. Yanzu kuma da Flatpak, wata hanyar sauko da manhaja da ke aiki a kusan kowane nau'i, ya yaɗu, manhajar da ake samu a wannan ana samun ta a wancan.

Inda bambancin gaske yake wuri uku ne, kuma duka ukun ba a ganin su a hoton allo: wane ne ke tsaye a bayan abin, shekara nawa zai ci gaba da turo gyara, kuma sau nawa abubuwa ke canzawa a ƙarƙashin ƙafarka ba tare da ka nema ba.

Ubuntu tana fitar da mai dogon wa'adi duk bayan shekara biyu, a watan Afrilu, ta kuma kula da shi shekara biyar. Linux Mint 22, da ta fito a Yulin 2024 a kan Ubuntu 24.04, za ta ci gaba da samun gyara har 2029. Debian tana fitar da sabuwa kusan duk shekara biyu, ta 12 a Yunin 2023, ta 13 a Agustan 2025. Fedora kuwa duk wata shida take fitowa, kuma kowace fitowa kimanin wata goma sha uku ake kula da ita, ke nan dole a kowace shekara a yi babban ɗagawa aƙalla sau ɗaya. Arch ba ta ma da fitowa, kullum cikin sabuntawa take, kuma lokaci zuwa lokaci masu kula da ita kan sanar a shafinsu cewa sabuntawar da ke tafe sai mai kwamfuta ya sa hannu da kansa. Ban raina Fedora ko Arch ba. Injiniyoyi na gaske ne ke yin su, kuma abubuwa da dama da muke mora a yau a Fedora aka fara gwada su. Amma an yi su ne don mutumin da ke son ya riƙa bibiyar abin da ke gudana. Hajiyar da ke son ta kunna, ta saurari karatu, ta buga takarda, ta kashe, ba ta ɗauki wannan alkawari ba.

Jinkirin da ake zargin su Debian da shi ma wani lokaci shi ne kariya. A Maris 2024 wani injiniya mai suna Andres Freund ya gano an dasa ƙofar ɓoye a cikin xz, wata ƙaramar manhajar matse fayil da kusan kowace Linux ke ɗauke da ita. Gurɓataccen ya riga ya shiga rassan gwaji na Debian da Fedora, ya shiga openSUSE Tumbleweed da Kali. Bai kai ga Debian tsayayya ba, bai kai ga Ubuntu mai dogon wa'adi da ke hannun jama'a ba, bai kai ga Mint ba, domin su ba sa karɓar sabon abu da ɗuminsa. A kwamfutar da ake shiga asusun banki da Absher, shafin hidimomin gwamnatin Saudiyya, na fi son wannan jinkirin.

Sai batun wanda ke tsaye a baya, kuma nan ne nake son mu yi wa kanmu adalci, domin zuciya tana karkata ga abin da ya yi kama da mu. An taɓa yin Sabily, wadda ta fara a 2007 da sunan Ubuntu ta Musulmi, tana zuwa da lokutan salla da manhajar Alƙur'ani da kayan Larabci. Mutane sun so ta, amma bayan fitowar 2011 ta tsaya. A Najeriya an yi Wazobia Linux a tsakiyar shekarun 2000, da Hausa da Yarbanci da Ibo, ita ma ta ɓace. Antergos tana da dubban masoya, masu yin ta suka sanar sun ajiye a Mayun 2019. Ko manyan kamfanoni ba su tsira daga canza magana ba: a Disamban 2020 Red Hat ta yanke wa'adin CentOS 8 daga 2029 zuwa ƙarshen 2021, masu dogaro da ita suka shiga neman mafita. Darasin da na ɗauka shi ne kada a zaɓi nau'i don ya zo da lokutan salla ko da kyakkyawan hoton Ka'aba a allo. Waɗannan ana ƙara su a kan kowace Linux cikin minti kaɗan. Abin da ba a ƙarawa shi ne jama'ar da za su ci gaba da toshe ɓaraka shekara bayan shekara.

Zan ɗan ratsa in yi magana a kan Kali, domin na ga ta fara shiga gidaje. Yaro ya ga hoton dodon da ke allonta, ya ji an ce da ita ake kutse, sai ya ɗora ta a kwamfutar babansa. Masu yin Kali da kansu sun rubuta cewa ba su ba da shawarar ta ga wanda bai saba da Linux ba, ko mai neman kwamfutar aikin yau da kullum. Kayan aikin masu gwajin tsaro ce. Wanda ke son koyon wannan fanni, Allah ya ba da sa'a, fanni ne mai kyau kuma ana neman masu shi a ƙasar nan, amma ya ɗora ta a filas ko a na'urarsa.

Abin da ya fi damuna ba fasaha ba ne, mutane ne. Na zauna a wani gida a Makka, wajen Shara Mansur, na ga yadda abin yake kasancewa. Uwar gidan ta haura sittin. Ta koyi abu uku a kwamfuta kuma ta riƙe su gam: inda take latsawa karatun tafsiri ya fito, inda hotunan jikokinta na Kano suke, da yadda ake buga kwafin iƙama idan an nema. Ɗan ƙaninta, yaro mai hazaƙa da ladabi, shi ne ya ɗora mata Linux tun farko, kuma ya kyauta. Ranar da nake magana ya sauya mata zuwa wani nau'in mai fuskar GNOME, inda babu maɓallin farawa a kusurwar ƙasa, babu gumaka a kan allo. Ta zauna ta dubi allon, ta motsa linzamin, ta sake duba.

"Kai, ina ka kai mini karatuna?"

"Gwaggo, yana nan, ba abin da ya ɓata. Wannan ya fi wancan sauri, kuma sabo ne."

"Ni na ce maka wancan ya yi mini nawa? Mayar mini da abina yadda yake."

Bai iya mayarwa ba a wannan daren, domin ya riga ya goge. Fayilolinta suna nan lafiya, gaskiyarsa ne. Amma ilimin da ta tara a hannunta, wanda ta sha wahala kafin ta samu, ya tafi. Firintar ma ta ƙi amsawa sai da aka sake saita ta. Tun daga ranar ta koma kiran yara su yi mata abin da a da take yi da kanta. Wannan asara ce ta gaske, kuma matasanmu ba sa lissafa ta idan suna kwatanta wane nau'i ya fi cin RAM kaɗan, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita. Tsoho ko tsohuwa da ya yarda ya koyi na'ura ya ba ka wani abu mai tsada, wato amincewarsa. In ka canza masa wuri ba da saninsa ba, abin da ya fahimta shi ne na'urar ba tasa ba ce.

Akwai kuma wata matsala da ta keɓanta da irin zamanmu. Mu mutane ne masu motsi. Wanda ya ɗora maka Linux bana, baɗi yana iya samun aiki a Riyad ko Dammam, ko ya tafi karatu, ko iƙamarsa ta ƙare ya koma gida. Lokacin aikin Hajji ma makonni ake yi ba a ganin samarinmu, suna can suna hidimar alhazai. Idan ya tafi ya bar maka wani nau'in da shi kaɗai ya san kansa, da gyare-gyaren da ya kwafo daga wurare daban-daban, to ranar da ta tsaya sai dai a kai shago. Mai shago kuma abin da ya sani shi zai yi: ya goge ya ɗora Windows ta sata, ya karɓi kuɗinsa. An koma gidan jiya, har da ƙarin hatsari. Su kansu kwamfutocin suna tafiya. Sau nawa muke ɗaure tsohuwar kwamfuta a kwali mu ba wani mai komawa ya kai wa 'yan'uwa a Kano ko Damagaram, ko a Kassala da Gadarif? A can intanet ɗin da tsada yake, wutar ma ba ta tsayawa, musamman a Sudan tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023. Nau'in da ke neman a sauko da kaya masu nauyi kowane mako, wanda kuma kan iya rikicewa in an daɗe ba a sabunta shi ba, bai dace da wannan tafiya ba.

Shi ya sa nake cewa mu haɗu a kan guda. Idan duk gidajen da muka taimaka suna kan abu ɗaya, duk wanda aka kira zai iya gyarawa. Ana iya yin bayani ta waya: latsa can ƙasa, buɗe wancan mai hoton garkuwa, sa kalmar sirri. Maƙwabciya za ta iya nuna wa maƙwabciya. Ana iya yin gajeren bidiyo da Hausa sau ɗaya ya yi wa kowa amfani shekara huɗu. Manyan hukumomi ma haka suke yi. Jandarmomin Faransa sun mayar da dubun-dubatar kwamfutocinsu kan nau'i guda da suka gina a kan Ubuntu mai dogon wa'adi, ba su bar kowane ofis ya zaɓi nasa ba.

Wane ne gudan? Ni Linux Mint na zaɓa, mai fuskar Cinnamon, in kuma na'urar ta tsufa sosai ko RAM ɗinta bai wuce 4GB ba, mai fuskar Xfce. Dalilaina masu sauƙi ne. Wanda ya saba da Windows zai tarar da maɓallin farawa da agogo da jerin manhajoji kusan inda ya bar su. Tana da manhajar da ke nemo direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke sa sassan na'ura aiki, na Wi-Fi da na katin hoto irin na Nvidia, ba tare da an buɗe baƙin allon umarni ba. Tana zuwa da Timeshift, wanda ke ɗaukar hoton tsarin kwamfuta, in sabuntawa ta ɓata wani abu a koma baya. Kuma tunda a kan Ubuntu take, kusan duk amsar da aka rubuta wa masu Ubuntu, da Larabci ko Turanci, tana yi mata aiki.

Na san abin da za a ce. Ƙungiyar da ke yin Mint ƙarama ce, da gudummawar jama'a da masu ɗaukar nauyi take tafiya, kuma ta dogara da Ubuntu, wadda ke hannun kamfanin Canonical. Wannan gaskiya ne, kuma su ma sun san da shi. Shi ya sa suke riƙe da wani reshe mai suna LMDE da ke tsaye kai tsaye a kan Debian, saboda ranar da hanya za ta raba su da Ubuntu. Sun kuma nuna suna iya cewa a'a: a 2020 sun ƙi bin Canonical a kan Snap, tsarinsa na rarraba manhajoji. Duk da haka, in taron samarinmu ya zauna ya ce Ubuntu ya fi so, ko Debian, wallahi zan bi su in ajiye Mint. Debian ma ta sauƙaƙa tun daga ta 12, da ta fara zuwa da direbobin da a da sai an nemo su daban. Haɗuwar ta fi mini sunan da aka haɗu a kai.

Za a kuma ce ai daɗin Linux shi ne 'yancin zaɓi, kuma da gwaji ake koyo. Haka ne, kuma ba na son a kashe wa yaro sha'awarsa. Wanda ya ɗora Arch da hannunsa daga farko har ƙarshe ya koyi abin da aji ba zai koya masa cikin sauƙi ba, kuma irin wannan ilimi yana kai mutum ga aiki. Amma akwai wurin yin sa. VirtualBox kyauta ne, yana ba ka damar kunna wata Linux a cikin taga ba tare da ka taɓa ta gidan ba. Ventoy yana ba ka damar zuba nau'i biyar ko goma a filas guda, ka kunna wanda ka ga dama ka duba ka cire. Ƙaramin faifan ajiya na biyu, irin mai saurin nan da ake kira SSD, ba shi da tsada. 'Yancinka na zaɓi yana nan cikakke a kan na'urarka. A kan ta gida kuwa, sauran mutanen gidan ma suna da nasu 'yancin, kuma abin da suka zaɓa shi ne su tarar da abinsu yadda suka bar shi.

Kafin a ɗora ko da Mint ɗin, akwai gwajin da nake ganin wajibi ne, kuma a gaban masu gidan ya kamata a yi shi. A kunna ta daga filas, ba a goge komai ba tukuna. A duba Wi-Fi ya kama, sauti ya fito. A jona firinta a buga shafi guda, a ɗauki takardar a hannu. A ƙara allon rubutun Larabci, a ƙara na Hausa, domin akwai shi a jerin, a rubuta ƙ da ɗ da ɓ a gani da ido. A buɗe burauza a shiga Absher, a gwada shiga ta Nafath, manhajar tantance mai shiga, lambar ta fito a allo, maigida ya ɗauki wayarsa ya tabbatar. Idan akwai 'yan makaranta a shiga Madrasati, shafin karatun makarantu, a buɗe Teams ta burauza, tunda Microsoft ta janye manhajar Teams ta Linux a ƙarshen 2022, a gwada makirufo da kyamara. Sannan a ɗauko wata takardar Word ta Larabci da aka turo daga makaranta ko wurin aiki a buɗe ta a LibreOffice.

A wannan na ƙarshen ne aka fi samun ɓacin rai, kuma gara a faɗi gaskiya tun wuri. LibreOffice tana rubutu daga dama zuwa hagu lafiya lau. Matsalar ita ce salon haruffan da aka saba da su a ofisoshin nan, irin su Traditional Arabic da Sakkal Majalla, tare da kayan Microsoft suke zuwa. In babu su sai kwamfutar ta musanya da wani, layuka su goce, teburi ya tsallaka shafi. Maganinsa shi ne duk abin da za ka tura wa wani ka mayar da shi PDF, abin da kuma dole sai an cike shi a Word a buɗe shi a Word ta burauza. A ɗaya ɓangaren akwai riba. Salon Amiri, na Khaled Hosny, kyauta ne kuma yana da kyau ƙwarai a rubutun littafi. Masu rubutun ajami kuma suna da Alkalami da Harmattan, waɗanda aka zana su a kan irin hannun da muka sani a allo da Alƙur'anin Warshu na ƙasar Hausa. Ana samun waɗannan a kowane nau'i, don haka ba dalilin sauya sheƙa ba ne.

Idan wani abu mai muhimmanci ya faɗi a wannan gwaji, a dakata. Akwai gidajen da ma bai kamata a taɓa musu Windows ba. Wanda ke cin abinci da Photoshop ko AutoCAD, ko wata manhajar lissafin kuɗi da wurin aikinsa ya ɗora masa, a bar shi, a taimaka masa ya shiga ƙarin wa'adin ya tara kuɗin wata na'urar. Yaran da ke buga Fortnite ko Valorant a faɗa musu tun farko cewa ba za su yi a Linux ba, kada a yaudare su. Son da muke yi wa abu bai kamata ya sa mu ɓoye aibinsa ga wanda ya amince da mu ba.

Ban ce kada a taɓa sauyawa ba har abada. Akwai dalilai na gaskiya. Wa'adin nau'in ya ƙare ko masu yin sa sun ajiye. An sayi sabuwar na'ura ko sabon katin hoto da tsohon tsarin bai gane shi ba. Ko kuma wani aiki da gidan ke buƙata ya ƙi yiwuwa bayan an yi iya ƙoƙari. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya faru, a sauya, amma a yi shi da shawara. A tambayi kowa abin da yake amfani da shi. A kwashe hotuna da takardu zuwa wani faifai na waje, a buɗe wasu daga ciki a tabbatar sun kwafu, domin Timeshift tsarin kwamfuta yake ajiyewa, ba ya ɗaukar fayilolin mutane sai an sa shi. A fitar da kalmomin sirrin da ke cikin burauza. A guji makon jarrabawa, da lokacin da ake shirin sabunta iƙama, da daren da mai sauyawar zai yi tafiya washegari. In an raba faifan tun farko, an ware wa fayilolin mutane nasu ɓangaren daban da na tsarin, aikin zai zo da sauƙi sosai. Kuma a zaɓi fuskar da ta yi kama da wadda aka saba, ko da sunan da ke ƙarƙashi ya canza.

Ga tsohuwar na'urar da ake kukan ta yi nauyi, sau da yawa laifin ba na nau'in ba ne. Faifan da ke cikinta ne mai juyawa, ya gaji. A canza shi da SSD, a buɗe akwatin a hure ƙurar da ta toshe fanka, wadda a zafin Jidda ba ƙaramin abu ba ne, in da hali a ƙara RAM zuwa 8GB. Wannan zai yi abin da goge-goge goma ba za su yi ba.

Abin da nake roƙon 'yan'uwana masu wannan ilimi bai fi ƙarfinmu ba. Mu zauna, ko da a majalisar bayan la'asar ta ranar Juma'a ce, mu tsayar da nau'i guda da fuska guda. Duk kwamfutar da ɗayanmu ya ɗora wa, ya buɗe wa kowane mutum a gidan asusunsa, ya bar ikon gudanarwa a hannun babba guda, ya kunna sabuntawar tsaro ta riƙa yin kanta. Sannan ya ɗauki takarda ya rubuta da Hausa ko Larabci sunan abin da ya ɗora da lambarsa, da shekarar da wa'adinsa zai ƙare, da lambar wayarsa da ta wani mutum na biyu da zai iya zuwa in shi ba ya gari, ya manna a gefen akwatin kwamfutar. Kalmar sirrin gudanarwa kuma ya rubuta ta daban ya damƙa wa maigida ko uwar gida, su ajiye tare da takardun iƙama.